Kashi 70 a memori ɗaya: ni da ɗiyar Yaya da Cardcaptor Sakura

Ɗiyar Yaya ta dawo hannuna wata uku bayan rasuwar mahaifiyarta, wato yayata, Allah Ya jiƙanta da rahama. Shekararta tara a lokacin. Yarinya ce da a da sai an roƙe ta kafin ta yi shiru, amma da ta iso gidanmu a Birnin Kebbi sai ta koma kamar an ɗinke mata baki. In ta taso daga Islamiyya takan biyo ta shagona a Badariya, ta zauna kan buhun ƙyallaye, ta ƙura wa ƙafar keken ɗinkina ido har a kira magariba. Ba ta kuka, kuma rashin kukan nan shi ya fi tayar mini da hankali. Ƙanena da ke karatu a kwalejin Waziri Umaru ne ya ce mini wata rana, "Yaya, ki sa a tura mata katun mana. Akwai wani na Japan, labarin wata yarinya da ita ma uwatta ta rasu. Tun ina sakandare na gan shi." Ya rubuta mini sunan a bayan littafin awo: Cardcaptor Sakura.

Shagon da na je yana layin masu gyaran waya, kusa da Babbar Kasuwa. Ɗan ƙaramin wuri ne, kwamfuta biyu, fanka ɗaya, da wayoyin caji rataye kamar igiyar shanya. Yaron da ke turi ya san aikinsa, kuma yana da ladabi. Ina shiga ya tashi ya ba ni kujerarsa. Na sayi memori mai gig 32 a kan naira 4,500, turin kuma ya karɓi 1,500. Minti ashirin ya gama. Da ƙanena ya duba da dare sai ya girgiza kai, ya ce, "Wanga ai wanda anka yanke ne." Ashe iri biyu ne ke yawo. Akwai wanda wani kamfani na Kanada ya juya zuwa Turanci, aka canza wa yaran sunaye, aka nuna kashi 39 kawai a talabijin a Amurka, aka kuma tsame kusan duk abin da ya shafi zuciya, aka bar guje-guje da faɗa. Shi aka ba ni. Washegari na koma. Yaron bai yi gardama ba, bai kuma nemi ƙarin ko sisi ba. Ya ce, "Anti, ki ba ni kwana biyu, sai na sauko da shi da dare in sabis ya yi ƙarfi." Ranar da ya ce, ranar na samu: kashi 70 cif, da muryoyin Japananci, da fassarar Turanci a rubuce a ƙasan allo.

A nan na yaba masa, amma akwai inda ya gaza, kuma dole in faɗa. Ƙaramin laifin shi ne lambobin sun cakuɗe a waya, daga kashi na 1 sai ta tsallaka na 10, sai da ƙanena ya zauna ya sake musu suna ɗaya bayan ɗaya. Kashi biyu kuma sun zo babu murya, na sake komawa. Babban laifin kuwa gyara ce ya yi mini da kyakkyawar niyya. Ya ƙara wani katun a cikin memorin, ya ce, "Shi ma na 'yan mata ne masu sandar tsafi, za ta so shi." Allah Ya taimake ni na fara buɗe shi ni kaɗai bayan ta yi barci. Madoka Magica ne, na shekarar 2011, kashi 12. Zanen kamar na yara, riguna masu tattara da kintinkiri, amma a kashi na 3 dodo ya cinye kan wata yarinya a gaban ƙawayenta. Yarinyar da ba ta daɗe da ganin an fita da gawar uwarta ba, a ce ita ta buɗe wannan! Da na gaya masa ya ba ni haƙuri sosai, ya ce bai taɓa kallo ba, hoton bango kawai ya gani. A wurin yawancin masu turi, duk abin da aka zana da hannu na yara ne. Don haka duk uwar da za ta je, ta je da ƙafarta, kada ta aiki yaro, kuma abin da aka ƙara mata kyauta ta duba shi kafin ya shiga hannun ƙanana.

Shi kansa labarin, wasu mata huɗu ne 'yan Japan da ke aiki da sunan CLAMP suka fara zana shi a mujallar yara mata mai suna Nakayoshi daga 1996 zuwa 2000. Kamfanin Madhouse ya mayar da shi katun, aka nuna daga 1998 zuwa 2000 a tashar NHK. Sakura Kinomoto 'yar aji huɗu ce a firamare, a wani gari da aka ƙirƙira mai suna Tomoeda. Ta buɗe wani tsohon littafi a ɗakin karatun babanta, katuna masu sihiri da ke ciki suka watse cikin gari, mai gadin littafin, wani ɗan mitsitsin abu mai fukafukai da son kayan zaƙi da ake kira Kero, ya ɗora mata aikin tattaro su. Katunan 52 ne. Kowane kashi bai wuce minti 25 ba. Zanen na da ne, ba ya cika faɗin waya, sai ka ga baƙi dama da hagu, amma launinsa mai sanyi ne, ba ya gajiyar da ido.

Yarinyata ba ta iya bin rubutun Turanci da sauri ba, don haka ni ce tafinta. Bayan isha'i nakan ɗauko aikin hannu, kalmasa ko sa botin, mu jingine wayar jikin gwangwanin zare, ina karantawa ina juya mata da Hausa. Kusan dare hamsin muka yi a haka. Duk maganar da zan kawo a nan, to, yadda ta fito daga bakina ne a waɗancan dararen.

Tun kashin farko na gane ba neman katuna ne zai riƙe mu ba. Gidan su Sakura mutum uku ne: ita, yayanta Touya mai tsokanarta da sunan dodo, da babansu Fujitaka, malamin jami'a mai binciken kayan tarihi. A bango akwai allo da aka rubuta wa ke girki yau, wa ke shara. A kan teburin cin abinci akwai hoton uwarsu Nadeshiko, wadda ta rasu Sakura na da shekara uku, kuma uban yana canza hoton kullum. Da safe Sakura takan gaida babanta, ta juya ta gaida hoton. Ina cikin fassara sai na ji murya a gefena, a hankali: "Inna, ita ma uwatta ta rasu?" Na ce eh. Ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa. Tun zuwanta gidan ba ta yi tambaya mai tsawon wannan ba.

A kashi na 6 wani kati mai ruɗar ido ya fito wa Sakura da siffar uwarta a bakin wani rami mai zurfi, ta bi shi, ta faɗa. Allah Ya sa Yukito, abokin yayanta, ya tare ta. Daga baya da take ta tunanin ko uwar tata kewa ce ta dame ta shi ya sa ta zo kiranta, sai Yukito ya tambaye ta: in da mahaifiyarki ce da gaske, za ta jefa ki cikin haɗari? Na karanta layin nan, na juya shi da Hausa, muryata ta ƙi fita daidai. A daren nan yarinyar ta yi kukan da ta riƙe wata uku. Ban hana ta ba. Tsohuwarmu ta leƙo daga ɗakinta, ta gan mu, ta koma ba ta ce komai ba.

Akwai wurin da labarin ya taɓa ni ni kaina, ba yarinyar ba, kuma ban shirya masa ba. Nadeshiko 'yar gidan masu kuɗi ce, ta auri Fujitaka tana da shekara 16, shi kuma ƙaramin malami ne da bai ajiye komai ba. Danginta suka juya mata baya. Ta rasu tana da 27. 'Yar uwarta Sonomi, wadda suka tashi tare, ba ta taɓa yafe masa ba. A kashi na 10 suka haɗu a wasannin makarantar yaransu, har suka yi tseren iyaye, ita tana gudu da dukan haushinta, shi yana murmushi. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne murmushin: mutum ya rasa mace irin wannan, kuma ya iya fara'a? Amsarsa gajeriya ce. Ya yi wa Nadeshiko alkawari ba zai yi kuka ba.

Na ajiye allura. Ni ce Sonomi, ba ko tantama. Mijin Yaya direban babbar mota ne, shi ya ɗauke ta ya kai ta Yawuri, nesa da mu, muna ganinta daga Sallah sai Sallah. Ranar zaman makoki ina kallonsa yana karɓar gaisuwa, idonsa a bushe, har yana tambayar ko baƙi sun ci abinci. Na ƙulla masa wannan a zuciya. Da ya kawo mana yarinyar ya ce ba zai iya barinta hannun maƙwabta yana bisa hanya ba, ko ruwa ban ba shi da hannuna ba. In ya kira waya nakan miƙa mata ba tare da na gaishe shi ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, haka muke cewa, ni kuma na tambayi fuskarsa na yanke hukunci. Ban taɓa tsayawa na ce wataƙila akwai abin da suka yi magana a kai su biyu a asibiti, wanda ba ni da labari ba. Ranar Juma'ar da ta biyo baya da ya kira, ni na ɗauka. Na ce, "Yaya, ina wuni, ya hanya?" Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ya amsa.

Maganar da aka fi sanin Sakura da ita, da Japananci, ita ce "zettai daijoubu da yo". Ita kanta tana ɗaukar ta a matsayin kalmar da ba a cin ta da yaƙi. Ni na juya ta da "tabbas komai zai yi daidai". Inda ta fi yin nauyi shi ne kashi na 42, ana tsakiyar wasan kwaikwayon makaranta duhu ya haɗiye kowa, Sakura ta rage ita kaɗai ba ta ganin komai sai jikinta. Ta tsorata, ta kusa sarewa, sai ta faɗi kalmar nan, ta kuma lura cewa in tana iya ganin kanta a cikin duhu, to akwai haske a tare da ita. Katin Haske ya fito daga ƙirjinta. Yarinyata ta kama maganar ta riƙe. Ranar da aka ɗauke wuta ina da ɗinkin biki guda shida da ba a goge ba, ina ta safa da marwa, sai ta ce, "Inna, tabbas komi zai yi daidai." Tsohuwarmu daga kan tabarma ta ce, "Ke ja'ira, ce in sha Allahu." Ta ce in sha Allahu. Yanzu haka ake faɗinta a gidanmu, da jelar da Kaka ta ɗinka mata, kuma a ganina sai da jelar ta cika.

Wanda ya saba da katun na faɗa zai zaci in jaruma ta faɗi jarabawar ƙarshe duniya ce za ta tashi. A nan ba haka ba ne. A kashi na 45 da 46, bayan ta tara katunan, sai mai hukunci, Yue, ya gwada ta. In ta faɗi, babu gidan da zai rushe, babu wanda zai mutu. Abin da zai faru shi ne duk wanda katunan suka shafa zai manta da son wanda ya fi so. Aka nuna mata wannan duniyar: rana ta fito, an yi karin kumallo, an je makaranta, kowa lafiya lau. Sai dai hoton uwarta babu shi a kan tebur, aminiyarta tana gaishe ta kamar kowace 'yar aji, ita kuma tana ta hawaye ba ta san dalili ba. Ban taɓa ganin an kwatanta masifa da irin wannan natsuwa ba, kuma na yarda da su ɗari bisa ɗari cewa masifa ce. Da ta samu dama ta biyu ta yi nasara, abin da ta ce wa Yue shi ne ba ta son zama uwargijiyarsa, so take su zama abokai.

Bayan mun kashe waya, muna kwance, yarinyar ta ce, "Inna, in na mance muryar Mama hwa?" Ina da saƙonnin murya na Yaya a WhatsApp, fiye da talatin, waɗanda tun rasuwarta ban iya buɗe ko ɗaya ba. Na buɗe na ƙarshe. Cewa take in ajiye mata yadi huɗu na wani leshi ruwan goro, za ta aiko da kuɗi ranar kasuwa. Muka saurara sau uku. Washegari na koma wancan shagon na ce yaron ya kwafe mini su duka a wani memori daban, kada waya ta lalace su tafi. Wannan karon ya ƙi karɓar kuɗin aiki.

A matsayina na tela, wadda ta fi shiga raina ita ce Tomoyo, ɗiyar Sonomi, aminiyar Sakura. Ba ta da sihiri ko kaɗan. Abin da take da shi keken ɗinki da kyamara. Duk fitar da Sakura za ta yi neman kati, Tomoyo ta riga ta ɗinka mata sabuwar riga, kuma da wuya ka ga an maimaita ɗaya. Na sha tsayar da hoton in duba yadda aka zauna da tattara a ƙugu, ko yadda aka haɗa hula da wuyan riga. Ba ado kawai take yi ba, tana tunanin aikin da rigar za ta yi: ranar da za a kama katin tsawa, da roba ta yi kayan, don kada wuta ta kama ƙawarta. Wannan tela ce ta gaskiya. Duk wanda ya taɓa raba dare yana ɗinka wa wani nasa kayan Sallah, ba don kuɗi ba, ya san cewa awo ma hanyar so ce: ka san faɗin kafaɗar mutum, ka san inda riga ke matse shi, ka san launin da ke haska fuskarsa.

Tomoyo ce ta faɗi maganar da na fi juyawa a raina. Ta ce in wanda take so yana cikin farin ciki, to wannan shi ne mafi girman farin cikinta, ko da bai mayar mata da son ba. Mu kuwa mun tashi da karin maganar son maso wani ƙoshin wahala, kuma gaskiya ne, wahalar tana nan. Labarin bai ɓoye ta ba. Meiling ce shaida. Ita da Syaoran, yaron da ya zo daga Hong Kong yana takara da Sakura a kan katuna, 'yan uwa ne, kuma tun suna ƙanana ta ɗaura masa alkawarin aure, irin na zumunci da muka sani sarai a nan. Sharaɗinsu ɗaya: ranar da ya samu wadda ya fi so, ya gaya mata, ta sake shi. A kashi na 60 ranar ta zo. Ta saurare shi, ta ce alkawari ya warware, ta fita da kanta a sama. Sai da ta isa gidan Tomoyo ta kifa kai a cinyarta ta yi kuka mai cin rai, tana cewa abin da ya fi mata zafi shi ne ba ta ma iya ƙin Sakura ba, don ita ma tana sonta. Na saba ganin fina-finan da in an kai nan, wadda aka bari sai ta nufi gidan boka ko ta shiga ƙulla sharri. Wannan yarinya ta yi kukanta, ta wanke fuska, da safe ta koma gida, ta kuma ci gaba da yi wa su biyun fatan alheri. Na so ɗiyar Yaya ta ga wannan tun kafin ranar da za ta buƙace shi.

Kashi na 66 ma haka. Sakura ta daɗe tana ɗaukar Yukito a matsayin wanda ta fi so, ta tattara ƙarfin hali ta gaya masa. Bai yi mata dariya ba, bai kuma yaudare ta ba. Ya ce ta duba zuciyarta da kyau, ko abin da take ji game da shi bai yi kama da wanda take ji game da babanta ba? A nan Hausa ta fi rubutun Turancin da ke ƙasan allo wadata, don mu muna da so, muna da ƙauna, muna da shaƙuwa, muna da bege, kowanne da mazauninsa. Na ce wa yarinyar, ƙauna ce take masa, ta ɗauka so ne. Ta gane nan take. Daga nan Sakura ta tafi wurin lilo da Syaoran, ta ce ta fahimta, ba ta ji haushi ba, amma hawaye sun ƙi tsayawa. Shi kuma, da yake ɗauke da sonta a ciki bai faɗa ba, ya miƙa mata hankici, ya ce tabbas za ta samu wanda aka ajiye mata. Bai yi amfani da raunin da take ciki ya tura tasa buƙatar ba. Akwai manyan maza masu gemu da ba su kai yaron nan kunya ba.

To, ban ce a miƙa wa yaro memorin nan a juya baya ba. Waɗanda suka rubuta shi ba Musulmi ba ne, ba Hausawa ba ne, kuma akwai abubuwan da sai babba na kusa. Sihiri shi ne ginshiƙin labarin, har da duba da katuna. Akwai yaron da aka ce wani matsafi ne da ya mutu ya sake dawowa a sabon jiki. Uwar Sakura takan bayyana da fukafukai, kamar a kashi na 39 da ta dafa goshin ɗiyarta mai zazzaɓi. Wurin yana da taushi ƙwarai, amma sai da na tsayar na ce mata wannan tatsuniya ce, wanda ya rasu ba ya dawowa, abin da ke isa gare shi addu'armu ce da sadaka. Muka karanta wa Yaya ƙulhuwallahu kafin mu ci gaba. Wasu rigunan gajeru ne, ba irin da zan ɗinka wa ɗiyata ba. Sannan masu labarin sun bar ƙofar so a buɗe ta kowace fuska: son da Tomoyo ke wa Sakura ya wuce na ƙawance in babba ya lura, kuma a kashi na 66 ɗin nan Yukito ya amsa cewa wanda ya fi so shi ne Touya. Wannan ya saɓa wa addininmu da tarbiyyarmu, kuma gara uwa ta sani tun kafin ta kai wurin, ta yanke shawarar abin da za ta yi, da a ce yaro ne zai zo mata da tambaya ba shiri.

Abin da ban yafe wa labarin ba shi ne na Rika, 'yar ajin su Sakura, da malaminsu Terada. Yarinya 'yar shekara goma tana kai wa malami kyauta tana sunkuyar da kai, an sa kiɗa mai daɗi a ƙasa, an nuna abin kamar wani fure. Ba fure ba ne. Na tsallake wuraren da na iya, inda ban iya ba kuma na tsayar na yi mata magana a fili: duk babban da ya nemi ki riƙe wani sirri tsakaninki da shi, malami ne ko maƙwabci ko ɗan uwa, ki zo ki gaya mini a ranar, ba za a dake ki ba. Ta ce to. Na sa ta maimaita.

Ta fuskar daɗin kallo, kashi 46 na farko sun fi ƙarfi. A 24 na ƙarshe, inda take mayar da katunan su zama nata, akwai 'yan kashi da ke jan ƙafa, abu ɗaya ake ta maimaitawa, har nakan bar ta ta kalli hoto ni in ci gaba da kalmasa. Kuma kashi na 70 bai rufe labarin ba. Sai an haɗa da fim na biyu da ya fito a 2000, inda Sakura ta ba Syaoran amsarsa. Mai turi bai san da shi ba sai da na faɗa masa, don haka wanda zai je ya tambaya da baki. A cikinsa ne Syaoran ya ce ko da an ɗauke masa wannan son, zai sake sonta daga farko. Da za a samu masu fassara su juya shi duka da Hausa da na yi murna, amma ina roƙon kada a cika shi da barkwanci da surutu kamar yadda ake yi wa wasu fina-finan Indiya. Rabin kyansa a shirun da ke tsakanin maganganu yake.

A kashi na ƙarshe, a filin jirgi, Syaoran ya miƙa wa Sakura ɗan beyar na ƙyalle da ya ɗinka da hannunsa. 'Yan ajinsu suna da wata magana, wai in ka ɗinka irinsa ka ba wani, ya sa masa sunanka, ba za ku rabu ba. Kwana biyu da gama kallo yarinyar ta zo ta tsaya gaban keke, ta ce, "Inna, ki koya min ɗinki." Na ce me za ki ɗinka? Ta je ta buɗe akwatinta ta ɗauko wani tsohon ɗankwalin atamfa na Yaya, shuɗi mai zanen ganye, wanda ban ma san ta taho da shi ba. Na zana mata a takarda, na yanka mata, na nuna mata yadda ake ƙulla zare da yadda ake juya ɗinki ciki. Sati guda ta yi tana yi, ta soki yatsa ba adadi, ta cusa masa audugar tsohuwar matashi, ta sa masa baƙaƙen botin biyu a ido. Kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na ce in gyara mata, ta ce a'a.

Na ɗauka a gadonta za ta ajiye shi. Ranar da babanta ya biyo da mota daga Jega ya tsaya ganinta, sai ta shiga ɗaki ta fito da shi a bayanta, ta miƙa masa. Ya gane atamfar kafin ya gane abin da aka ɗinka. Ya juya mana baya, ya daɗe yana kallon katanga. Na shiga na ɗebo masa ruwa a kofin silba, na kawo masa da hannuna.